Kafin ki zaɓi littafi, ki zaɓi bakin da zai karanta miki

Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu, Allah ya raya mana su, ya ƙara miki haƙurin raino. Tun da safe na ga tambayarki, ɗinki ne ya sha min kai sai yanzu na samu zama. Kin ce da can ke mayyar littattafan soyayya ce, amma tun da kika haihu ko shafi biyu ba kya iya haɗawa, kina ɗaukar waya ɗaya zai tsala kuka ɗayan ya taya shi. Ana ta ce miki ki koma sauraron littattafan da ake karantawa a ɗauki murya, shi ne kike son jin ko sauraron ya kai karatu daɗi, ta ina za ki fara, kuma ko data ba za ta talauta ki ba. Na ga 'yan uwa sun jero miki sunayen tashoshi. Ni bari in ba ki labarin abin daga ciki, don na haura shekara shida ina wannan harka.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Idona na kan allura, ƙafata na kan keke, hannu na riƙe da atamfa, kunne ne kaɗai yake zaman banza. Da ina 'yammata ni ma irinki ce, mu ne masu haya a shagon littattafai, a karɓo na ɗaya a mayar a karɓo na biyu, a cusa shi cikin littafin makaranta kamar karatun jarrabawa ake yi. Da aure ya zo, yara suka zo, ga kaya jibge lokacin salla, sai na yi shekaru ban buɗe littafi ba. Wata mai kawo min ɗinki ce ta tura min labari guda ta Xender, kashi talatin da wani abu. Ranar har aka kira magariba ban san na gama riguna uku ba.

Amsar tambayarki ta farko ke nan a taƙaice: akwai daɗi, amma ba irin daɗin da kika sani ba ne. In kina karatu da idonki ke ce da iko. Ke kike ba yarinyar murya, ke kike ba saurayin tasa, in marubuciya ta tsaya lissafa kujerun falo da kalar labule da irin leshin da Hajiya ta saka zuwa biki, ido zai yi tsalle ya wuce ba tare da ya nemi izininki ba. Kunne ba ya tsalle. Duk abin da aka rubuta sai an zuba miki shi, da tsakuwarsa da komai. Shi ya sa littafin da kika taɓa karantawa kika yaba, in kika ji shi a baki sai ki ga ashe rabinsa surutu ne. Wani kuma da kika raina a takarda, in ya samu mai karatun kirki, sai ki tsinci kanki kina share hawaye da bakin zani.

Don haka abin da nake so ki riƙe shi ne: mai karatun shi ne rabin littafin. Ni yanzu ba na tambayar wane labari ne, sai na fara tambayar wa ya karanta. Kuma akwai dalili a cikin Hausar kanta. Rubutunmu ba ya nuna inda murya za ta hau ko ta sauka, ba ya nuna inda za a ja wasali. Garin da ake zaune a ciki da garin tuwo duk rubutu ɗaya ne. Kukan amarya da kukar miya haruffa ɗaya suke farawa da su. Dole mai karatu ya fahimci jimlar kafin ya furta ta. Ƙari a kan haka, yawancin littattafan yanzu a waya ake buga su, babu ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, babu waƙafi, wani lokacin ko aya babu, ga Turanci an watsa a tsakiya, ga addu'o'i da Larabci. Wanda bai duba shafin ba kafin ya kunna na'urar ɗaukar murya za ki gane shi a minti biyar: zai karanta tambaya kamar sanarwa, ya karanta faɗa kamar addu'a, ya yi tuntuɓe ya koma baya ya sake ba tare da ya yanke wurin ba.

Akwai kuma masu sa baki. Ana tsakiyar magana mai nauyi, uwa na yi wa 'yarta nasihar tafiya gidan miji, sai mai karatu ya tsaya ya ce kai jama'a kun ji fa, ku danna ku bi tasharmu. Wallahi ji nake kamar in shiga wayar. Wasu suna son hakan, sun ce kamar hira ce, ni dai ban iya ba. Sai masu sanya kiɗa a ƙarƙashin murya, kiɗan ya fi maganar tashi. Sai kuma sabon yayi na muryar na'ura, wadda ba mutum ba ce. Ita ba ta gajiya, ba ta tari, amma da muryar da ta ce an ɗaura aure da ita za ta ce an yi rasuwa. Na gwada sau biyu na haƙura.

Namiji ko mace? An sha yin wannan musu a nan. Ni a wurina ba nan take ba. Na ji maza masu karatu a natse da suka fi mata da yawa iya fitar da zuciyar labari, matuƙar ba su matse murya suna kwaikwayon shagwaɓar budurwa ba, don wannan kam dariya yake ba ni ko a wurin kuka ne. Amma labarin da mace ke bayarwa da bakinta, irin na «ni ce na yi, ni aka yi wa», ya fi zama daram a muryar mace. Ji za ki yi kamar maƙwabciya ce ta shigo ta zauna a bakin gadonki tana faɗa miki abin da ya same ta. Shawarata, ki ba kowane mai karatu minti goma. In a cikin minti goman kin manta da shi kin tafi cikin labarin, to kin samu naki.

Ba kowane labari ne kuma yake dacewa da kunne ba. Waɗanda suka fi zama su ne na zaman gida: kishi, uwar miji, auren dole, zawarci, riƙon ɗan wani, gado. Mutane kaɗan, magana da yawa. Wanda yake wahalar da ni shi ne labarin babban gida mai sassa bakwai, inda akwai Ammi da Ummi da Mami da Umma da Momi, kowacce da 'ya'ya biyar, kowane ɗa da sunan yanka da na gida. A takarda sai ki koma baya ki duba wace ce ta haifi wa. A kunne, kina juya miya kika rasa jimla ɗaya, shi ke nan, sai ki yi awa guda kina zaton yaya da ƙanwa ne ashe masoya ne. Haka ma masu yawan waiwaye, a dawo da ke shekara ashirin baya ba sallama. Ga mai jego irinki da za a riƙa katsewa kowane minti biyar, ki fara da gajeru. Labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, gajeru ne, ana karanta zaɓaɓɓun cikinsu a rediyo, kuma ɗaya ba zai wuce zaman shayarwa guda ba. Daga nan sai ki hau dogaye.

Kada ma wani ya sa ki ji kamar sauraro ragwanci ne. Iyayenmu sun sha littattafai a shirin Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna tun ba a san za a yi wayar hannu ba, kafin su kuma akwai tatsuniya a ɗakin kaka. Waya dai ta sauƙaƙa ne.

Batun data kuwa, sirrin shi ne ki guji kallon abin da ba kallo ba ne. Yawancin labaran da ke YouTube hoto ɗaya ne a tsaye da murya a bayansa, don haka ki shiga saiti ki mayar da hoton 144p, wato mafi ƙarancin inganci, za ki ci gaba da jin murya. Matsalar YouTube ita ce in ba kina biyan kuɗin wata ba, allon waya na mutuwa karatun zai tsaya, ga cin caji. Shi ya sa na fi son in samu murya zalla. Faifan MP3 mara nauyi, irin mai 64kbps, awa guda bai cika 30MB ba, kin ga labarin awa ashirin zai tsaya wajen 600MB. Telegram ya fi WhatsApp daɗin wannan aiki, don yana ci gaba da karatu ko kin kashe allo, kuma ba ya cika miki waya sai abin da kika sauke. Ni da daddare nake saukewa lokacin garaɓasar data, in zuba a memori. In mai karatun mai jan magana ne ki ƙara masa sauri kaɗan, amma kada ki kai ninki biyu, sai ya koma kamar mai rantsuwa a kasuwa.

Abu ɗaya da za ki duba kafin ki fara kowane labari: ki gangara ƙasa ki tabbatar akwai kashin ƙarshe. Na taɓa bin wani har kashi arba'in da ɗaya, an kai inda mijin ya dawo daga tafiya ya tarar an kwashe kayan ɗakin, sai shiru. Mako, wata, har yau. Daga baya na gane littafin na kuɗi ne, mai tashar ya karanta shafukan kyauta ne, sauran kuma ba a ba shi izini ba. Da farko haushin marubuciyar na ji. Da na zauna na yi tunani sai na ga ni ma in wata ta ɗauki rigar da na kwana ina ɗinkawa ta kai kasuwa ta sayar ba ko sannu, ba zan yi mata fatan alheri ba. Waɗannan matan da babban yatsa suke buga dubban kalmomi, da yawansu da goyo a baya kamar ke, ga kasuwar littafin takarda ta ja baya, ga OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai na intanet da wasunsu ke sayarwa a kai, an rufe shi a ƙarshen 2023. Kin sha ganin gargaɗin da suke sakawa a farkon littafi cewa ba su yarda a karanta musu a wata tasha ba sai da izini. Tun daga lokacin nake fifita tashar da ke faɗin sunan marubuciya a farkon kowane kashi ta kuma ce da yardarta ake karantawa. In labari ya yi min, nakan nemi mai shi in biya 'yan ɗaruruwan da ta sa, bai kai kuɗin zare da zif na riga ɗaya ba.

Yanzu ga wanda ya fi duka, kuma babu wadda ta faɗa miki a amsoshin da na gani. Littafin takarda sirrinki ne, na murya kuwa na duk gidan ne. Wata rana Hajiya, uwar maigidana, ta zo mana kwana biyu. Tana zaune a tabarma a tsakar gida tana tsinkar zogale, ni ina kan keke a rumfa, waya na can kan taga tana caji, na haɗa ta da 'yar sifika. Labarin kashi ashirin da wani abu muna tafe lafiya lau, tarbiyya sai ka ce wa'azi. Ashe ranar aka kai amarya, kuma marubuciyar ba ta ja labule ba. Jimlar farko na ce ko kunnena ne. Ta biyu na miƙe, zanina ya sarƙe a ƙafar keke, gwangwanin fil ya kife, kafin in isa tagar nan mai karatu ya yi nisan da ba ya faɗuwa. Na kashe, na tsaya ina kallon bango. Hajiya ba ta ɗago ba, tana ta tsinkar zogalenta. Can ta ce, «Ke 'yar nan, wannan rediyon naku wace tasha ce?» Na ce Hajiya waya ce ta rikice. Ta ce, «To Allah ya shirya ta.» Ranar ko abincin dare a ɗaki na ci.

Tun daga nan dokokina biyu ne. Labarin da ban san marubuciyarsa ba, a abin kunne nake jin sa, kuma kunne ɗaya, ɗayan na bar wa gida. Ke ma haka za ki yi, don ki ji motsin yaran da kiran salla da tukunya, ni na ƙona wake fiye da sau ɗaya. Sifika kuwa sai labarin da na riga na ji ƙarshensa ko wata da na yarda da ita ta ce min tsaf yake. Kada ki ce 'yan biyu jarirai ne ba su san komai ba, kwana nawa ne za su fara maimaita abin da suka ji a gaban baƙi? Da dare kuma ki sa wa wayar lokacin da karatun zai tsaya da kansa, in ba haka ba barci zai ɗauke ki a kashi na biyar ki farka a na sha biyu an riga an yi saki an yi kome. Maigida ma ki bar masa nasa lokacin. Nawa ya taɓa yi min magana sau uku ina gyaɗa kai ban ji ko ɗaya ba, sai da ya zare abin daga kunnena ya ce shi ma a sa shi a layi.

Hajiyar nan kuwa, washegari da hantsi ina shirin hawa keke shiru ba sifika, sai ta ce, «Yarinyar nan ta jiya, uwar mijin ta bar ta ta zauna kuwa?» Ashe tun farko tana bi. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe irin waɗannan littattafan ba. Yanzu duk zuwan da za mu yi gaishe ta sai na cika mata memori da waɗanda na tace, ta sa a 'yar rediyonta mai caji, ita da maƙwabtanta biyu su zauna bayan la'asar suna yi wa kishiyoyin labari Allah ya isa. In kina so in turo miki irin nata ki yi min magana ta gefe, akwai uku da na tabbatar an gama su kuma da yardar masu su aka karanta.