Alhaji, Kafin Ka Sayar da Motocin, Ina Littafinka?

Wani ɗan kasuwa daga Jidda ya aiko da tambaya, ga taƙaitaccen abin da ya ce. Yana da motocin ɗaukar kaya guda huɗu masu shan dizal, suna jigilar kayan alhazai da na 'yan kasuwa tsakanin Makka da Madina da tashar jiragen ruwa ta Jidda, kuma ya shekara 12 a wannan sana'a. Ƙanin matarsa ya zo masa da labarin cewa manyan bankunan duniya sun karkata akalar kuɗinsu zuwa yaƙi da sauyin yanayi, saboda haka duk wanda ya dasa itatuwa a can ƙasarsu ta asali zai riƙa sayar wa kamfanonin Turai da na Larabawa takardun kabon, wato takardun shaidar hayaƙin da itatuwan suka zuƙe, jarinsa ya ninka cikin shekara guda. Ɗan kasuwar ya riga ya ba surukin riyal 60,000 hannu da hannu, babu takarda babu shaida, yanzu kuma yana tambaya ko ya sayar da motoci biyu ya ƙara, domin a cewarsa, "dako ya daina riƙe gida, kuma ban san ta inda kuɗin yake zurarewa ba."

Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa dukiya albarka. Kada ka sayar da ko taya ɗaya. Amma ba batun itatuwan ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba, jimlar ƙarshe ce, inda mutumin da ya shekara 12 yana dako yake cewa bai san ta inda kuɗinsa yake zurarewa ba. Ba ka rubutu, Alhaji. Rashin rubutun nan ne ya hana ka gane abin da yake cin ribarka, shi ne ya sa romon bakin surukinka ya yi maka daɗi a lokacin da aljihu ya fara sanyi, kuma shi ne ya sa ka miƙa riyal 60,000 kamar wanda ya ba da goron sallah.

Surukinka bai ƙaga labarin daga tushe ba, kuma ya kamata a yi masa wannan adalcin. A Yarjejeniyar Paris ta 2015, sashe na biyu ya lissafa manufofi uku, na ukunsu kuwa shi ne a daidaita yadda kuɗi yake gudana a duniya da tafarkin rage hayaƙi mai ɗumama yanayi. Tun kafin nan, a taron Kofanhegan na 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, amma bisa ƙididdigar OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ba a cika adadin ba sai a 2022, kuma mafi yawan abin da ya fito daga gwamnatoci bashi ne da za a biya. A Nuwamban 2024 aka zauna a Baku aka ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 300 a shekara nan da 2035. A taron Gilasgo na 2021 an shelanta cewa bankuna da masu juya dukiya da suke riƙe da kadarorin dala tiriliyan 130 sun shiga sahu, sai ga shi tsakanin Disamban 2024 da Janairun 2025 manyan bankunan Amurka sun zare jikinsu ɗaya bayan ɗaya daga ƙawancen bankunan da aka kafa don wannan manufa. A nan ƙasar ma, a Oktoban 2021 Saudiyya ta ce zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, kuma a Oktoban 2022 asusun zuba jari na gwamnati, wato PIF, ya karɓi lamunin dala biliyan 3 ta hanyar takardun da aka keɓe wa ayyukan kare muhalli.

Kuɗin dai yana nan, sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da surukinka bai gaya maka ba shi ne hanyar da kuɗin yake bi. Babban asusun yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda hedikwatarsa take Koriya ta Kudu, ba ya ba mutum kuɗi a hannu, sai ta hannun cibiyoyin da ya tantance, su kuma sai sun ga tsarin aiki a rubuce, da takardar mallakar ƙasa, da rahoton mai binciken kuɗi, da ma'aunin da za a gane ko hayaƙin ya ragu. Duk wannan gyaran da ake cewa ana yi wa tsarin kuɗin duniya, idan ka tankaɗe shi ka rairaye, ƙarin tambayoyi ne da mai ba da bashi yake yi wa mai karɓa: man me kake ƙonawa, lita nawa, me zai sami kasuwancinka idan farashin man ya tashi ko ambaliya ta ci hanya. Duk amsoshin a littafi suke. Kai kuwa da za a tambaye ka yau lita nawa motarka ta uku ta sha a watan jiya, sai ka ɗaga waya ka kira direba, shi kuma ya faɗa maka abin da ya ga dama.

Mu zo ga takardun kabon ɗin, mu yi musu lissafin 'yan kasuwa. Takarda ɗaya tana wakiltar tan ɗaya na hayaƙin da aka hana fita ko aka zuƙe. A Yunin 2023 kamfanin kasuwar kabon da PIF da Tadawul, kamfanin kasuwar hannayen jarin Saudiyya, suka kafa ya yi gwanjo a Nairobi, aka sayar da tan miliyan 2.2 a kan riyal 23.50 kowane tan, masu sayen kuwa irin su Aramco ne, kamfanin man Saudiyya. A wannan farashin, kafin uwar kuɗinka kaɗai ta dawo, sai an sayar da tan wajen 2,550. Mu yi wa surukinka alheri mu ƙaddara cewa kowace bishiyar da ta girma tana zuƙe kilo 20 a shekara, to ana bukatar bishiya 50 kafin a sami tan ɗaya, wato sama da bishiya 127,000 manya, rayayyu, waɗanda awaki ba su cinye ba, rani bai ƙone ba, masu gawayi ba su sare ba. Ban cire kuɗin masu tantancewa da za su zo su auna ba, ban cire kason dillalai ba, ban kuma yi maganar shekarun da dashe yake ɗauka kafin ya yi inuwa ba. Ita kanta kasuwar ta girgiza tun Janairun 2023, lokacin da wani bincike da jaridar Guardian ta wallafa ya ce mafi yawan takardun kare dazuzzuka da aka duba ba su rage hayaƙin da aka yi iƙirari ba, daga nan masu saye suka ƙara tsananta tambaya. Wanda ya ce maka wannan zai ninka jari cikin wata 12, ko dai bai taɓa zama ya yi lissafin ba, ko kuma ya yi ya ɓoye maka. Cinikin biri a sama ka yi, kuma na gaji da ganin dattawa masu hankali suna yin sa duk lokacin da aka sauya wa birin suna.

Yanzu bari in nuna maka ramin da kake nema. A 2023 litar dizal a ƙasar nan halala 75 ce (halala 100 ce riyal ɗaya). A Janairun 2024 ta koma riyal 1.15, a Janairun 2025 ta koma riyal 1.66. Ban ce don sauyin yanayi kaɗai gwamnati ta yi haka ba, domin rage tallafin mai yana da nasa dalilin na kasafin kuɗi, amma alƙiblar ɗaya ce da wadda masu ba da bashi na duniya suke tura kowa, kuma ban ga alamar za a koma baya ba. Tunda ba ka ba ni alƙaluma ba, sai in ƙaddara: mota ɗaya lita 60 a rana, kwana 26 a wata, motoci huɗu, ya kama lita 6,240. Ƙarin halala 91 da aka yi tsakanin 2023 da 2025 a kan kowace lita ya zama kusan riyal 5,700 a wata, wajen riyal 68,000 a shekara. Ka duba da kyau, wannan ya fi abin da ka ba surukinka, kuma duk shekara yake fita. Ina kyautata zaton har yau kuɗin dakon da kake karɓa daga Makka zuwa tashar jiragen ruwa bai yi nisa da na shekarun baya ba, saboda abokan hulɗarka tsofaffi ne, kana jin nauyinsu, kuma ba ka da takardar da za ka shimfiɗa a gabansu ka ce ga dalilin ƙari. Sauyin da ake yi wa tsarin kuɗin duniya ya riga ya iso ƙofarka ta bakin famfon gidan mai, kai kana can kana jiran ya zo maka da jakar daloli.

Na taɓa raka wani mai sana'a irin taka banki, yana neman a saya masa sababbin motoci biyu ta hanyar murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa da ribar da aka amince a kai, masu ƙarancin shan mai, kuma shawararsa mai kyau ce. Ma'aikacin ya nemi bayanin shige da ficen kuɗi na shekara guda. Mutumin nan ya fita ya buɗe gaban mota ya dawo da leda baƙa cike da rasit na gidan mai, ya zazzage a kan tebur. Zafin Jidda ya riga ya shafe tawadar, takardun sun zama farare fes, wasu sun manne da juna, ɗaya ma da shatin kofin shayi a kai. Ma'aikacin ya ɗaga guda ɗaya ya haska a fitila, ya mayar a hankali, ya ce a dawo idan an shirya. Mutumin yana da ciniki, yana da gaskiya, amma bai iya tabbatar da ko ɗaya ba, kuma wanda ya sami motocin a ƙarshe wani yaro ne da bai kai shi rabin ciniki ba, sai dai komai nasa yana cikin kwamfuta.

Labari na biyu ya fi ciwo, kuma ya fi kama da naka. Wani dattijo a Makka ya ba ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya kuɗi mai yawa don a sayi famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana a riƙa ba manoma haya a gida. Sana'ar ta karɓu, ƙanin bai ci amana ba ko sau ɗaya. Sai Allah ya yi masa rasuwa. Da aka zo rabon gado, 'ya'yansa suka ce ba su san da kuɗin kowa a ciki ba, kuma ba ƙarya suka yi ba, domin babu wanda ya taɓa gaya musu. Dattijon ya rasa kuɗin, ya rasa 'ya'yan ƙaninsa, har yau ba sa gaisawa. Shi ya sa idan mutum ya ce mini yana jin kunyar neman takarda daga ɗan'uwa, nakan tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa umarnin sun fi mu riƙon amana nesa ba kusa ba.

Saboda haka a wannan makon ka kira surukinka gida, ba a waya ba, ka zaunar da shi gaban mutum biyu da yake jin nauyinsu, a rubuta cewa ya karɓi riyal 60,000 a rana kaza, a fayyace ko bashi ne ko jari, idan jari ne kason kowa nawa ne, asara kuma a wuyan wa take. Ka gaya wa Hajiya tun kafin zaman, don kada ta ji a bakin wani ta ɗauka ana tuhumar ƙaninta. Sannan ka tambaye shi gonar tana wace ƙaramar hukuma, sunan wa ke kan takardarta, wace cibiya ce ta yi wa aikin rajista, lambar rajistar nawa ce, kuma wa ya sa hannu cewa zai sayi takardun. Aikin kabon na gaskiya yana da lamba a kundin da kowa zai iya dubawa ta intanet. Idan ya kawo, ka turo mini in duba. Idan ya fara cewa ai Turawan ba sa son a fallasa sirrinsu, ka nemi abin da ya rage na kuɗinka a ranar, ko da rabi ne.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba, ni ma ba zan tsawaita ba: ban san sunan wa ke kan rajistar kasuwancinka da takardun motocin ba. Dokar hana ɓoye mai kasuwanci a bayan sunan wani, wadda ake kira tasattur, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Idan akwai gyara a nan, ka ga lauya kafin ka ga kowa.

Game da motocin, ka ba kowace littafinta daga gobe, a riƙa rubuta lita da kilomita da kuɗin dako da gyara a kowace tafiya, kai da kanka ka riƙa ɗaukar hoton rasit a ranar kafin rana ta cinye shi, kuɗin sana'a kuma ya riƙa shiga asusun banki dabam da na cefane. Bayan wata uku za ka ga motar da take ciyar da kai da wadda kai kake ciyar da ita, kuma ina zargin akwai guda ɗaya tsohuwa da take shanye ribar sauran ukun. Idan lissafi ya nuna haka, a lokacin ne za a yi maganar sayarwa, kuma kuɗinta sabuwar mota mai ƙarancin shan mai zai tafi. Ka sake rubuto mini bayan wata ukun da alƙaluman motoci huɗun, sai mu zauna mu fitar da sabon kuɗin dakon Makka zuwa tasha, da yadda za ka faɗa wa tsofaffin abokan hulɗarka ba tare da sun gudu ba.