Amsa: me ke kashe kifi a tafkunan Kanada bayan ƙanƙara ta narke?

Malam, ba lallai guba aka zuba ba fa. Abin da ke faruwa shi ne ƙanƙara ta rufe saman tafki wata da watanni, sannan dusar ƙanƙara ta taru a kai ta tare hasken rana, to ciyayin cikin ruwa sai su daina samar da iskar oksijin, ruɓaɓɓun da ke ƙasa kuma suna ta cinye ɗan abin da ya rage, kifi kawai ya shaƙe tun a ƙarƙashin ƙanƙarar, sai bayan ta narke ake ganin gawarsa. Tafki mara zurfi mai laka ya fi shan wannan wahalar.

Shi ya sa in za ka yi fatsa ƙarshen hunturu kar ka ɓata lokaci a can ƙasan ruwa inda oksijin ya yi ƙaranci, ɗago ƙugiyarka sama-sama, ko ka nemi inda rafi ke shigowa, amma dai ka kula ƙanƙarar wajen ba ta da kauri.