Hukuncin ɗaukar fansa da jefa rai a cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Maru. Da daminar bana 'yan bindiga suka tarar da yayana a gona suka harbe shi, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Ba mu san wanda ya yi harbin ba, amma akwai wata ruga gabas da mu da ake zargin tana ba su mafaka. Samari sun ce mu afka mata da dare. Wani ya karanto mana ayar ƙisasi, da ayar da Allah ya ce ya sayi rayukan muminai da Aljanna, ya ce duk wanda ya mutu a can shahidi ne. Ni duniyar ta fita raina, so nake in je ko da ba zan dawo ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Muna kyautata masa zaton shahada, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe a kan dukiyarsa shahidi ne. Amma tafiyar da ake kiranka zuwa gare ta haramun ce, kuma wanda ya mutu a cikinta babu malamin da zai iya yi masa albishir da shahada.

Ɗan'uwa, Musulunci bai ce jinin yayanka ya tafi a banza ba. Suratul Baƙara, aya ta 178 da 179, ta wajabta ƙisasi, har ta ce akwai rayuwa a cikinsa. Sai dai wanda ya karanto muku ita ya bar muku 'yar'uwarta, aya ta 33 a Suratul Isra'i, inda Allah ya ba waliyyin wanda aka kashe iko, nan take kuma ya ce kada ya ƙetare iyaka wajen kisa. Masu tafsiri sun ce daga cikin ƙetare iyakar akwai kashe wanda ba shi ya yi kisan ba. To kai da bakinka ka ce ba ku san wanda ya harbi yayanka ba. Zargi kuke da shi, shi kuwa zargi ba ya halatta ko akuyar mutum, balle ransa. A rugar nan akwai mata da yara da tsofaffi, wataƙila har da waɗanda su ma an kore musu shanu. Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Ko da ma kun san makashin, malamai ba su yi saɓani ba cewa zartar da ƙisasi aikin shugaba ne da alƙalinsa, bayan shaida ta tabbata. A mazhabarmu ta Malikiyya, waliyyin da ya yi gaban kansa ya kashe ainihin makashin ma ana yi masa horo saboda shiga hurumin shugaba.

Ka dubi Manzon Allah (SAW) da kansa. A Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, aka kashe baffansa Hamza, aka yayyanka gawarsa. An ruwaito cewa a kan waɗanda aka kashe ranar ce aya ta 126 ta Suratun Nahli ta sauka: in za ku rama ku rama daidai abin da aka yi muku, in kuwa kuka yi haƙuri shi ya fi. Daga baya Wahshi, wanda ya jefi Hamza da mashi, ya zo ya musulunta. Annabi bai taɓa shi ba, ya dai nemi Wahshi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Ka ga ciwon yana nan, bai warke ba, amma bai zama lasisin zubar da jini ba. A Hajjin Ban-kwana kuma, shekara ta 10, da ya soke jinanen jahiliyya, da jinin gidansu ya fara, na ɗan Rabi'a bn Haris.

Yanzu maganar da ta fi tayar mini da hankali, wato cewa duniya ta fita ranka. Ayar Suratut Tauba ta 111, wadda aka karanto muku kan sayen rayukan muminai, tana magana ne a kan yaƙi saboda Allah, ƙarƙashin jagora, da wanda shari'a ta halatta a yaƙa. An tambayi Annabi (SAW) game da mai yaƙi don ƙabilanci da mai yi don a ce jarumi ne, sai ya ce wanda ya yi don kalmar Allah ta ɗaukaka shi ne kaɗai a tafarkin Allah. Huce haushi ba ya cikin wannan. Kuma Bukhari ya kawo labarin mutumin da ya yi ta ɗauki-ba-daɗi a cikin rundunar Annabi, rauni ya tsananta masa, ya kife a kan takobinsa, aka ce ɗan wuta ne. Wannan fa a sahun Manzon Allah yake. Ina ga wanda ya fita neman mutuwa a kan mutanen da bai tabbatar da laifinsu ba? Allah ya ce kada ku kashe kanku.

Mu mutanen Zamfara ba labari ake ba mu ba. Mun ga yadda 'yan sa-kai suka riƙa kama mutum a kasuwa don kamanninsa, 'yan daji kuma suka dawo suka ƙone gari a kansa. In kun afka wa rugar nan yau, matar yayanka da marayunsa ne za su kwana a daji gobe.

Abin da ya halatta gare ka shi ne kare kai. In sun shigo garinku, ka tsaya ka kare ranka da iyalinka da dukiyarka, in ka mutu a nan muna fata maka shahada. In kana da ƙarfi da zuciya, ka shiga tsaron gari ta hanyar da hukuma ta sani, irin Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a 2024, da sharaɗin ba za ka taɓa wanda bai ɗaga makami ba. Ku kai zarginku gaban hakimi da jami'an tsaro, ku dage a kai, domin tsare jinin talakawa wajibi ne a wuyan shugabanni, kuma za a tambaye su. Kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai, ka samu limaminku ko wani dattijo ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Yaran nan huɗu kuwa, yanzu kai ne ubansu, gonar da ubansu ya faɗi a cikinta tana jiran mai girbe musu.

Wallahu a'alam.