Me tsohuwar taswira ke nunawa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma?

Tambaya: Malam, na ga tsofaffin taswirorin ƙauyukan noma na jihar Kansas a Amurka, duk gida-gida ne kamar na dara. Ƙasar da ba dutse ba tsauni, mene ne amfanin taswirar tudu da kwari a wurinta?

Amsa: Ɗan'uwa, gidajen daran nan da ka gani dokar awon ƙasa ta 1785 ce ta haife su. An yanka ƙasa yanki-yanki, mil 6 tsawo mil 6 faɗi, kowane yanki aka raba shi kashi 36, kowane kashi eka 640. Dokar 1862 kuma ta ba manomi eka 160, wato rubu'in kashi ɗaya, in ya zauna ya noma shi shekara 5. Shi ya sa hanyoyi suka miƙe sak, mil bayan mil.

Game da tudu da kwari, ƙasar ba ta kai shimfiɗar da ido ke gani ba. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, wadda ta fara aikin zana waɗannan taswirori a 1884, takan ja layuka masu ruwan ƙasa da ke nuna tsayin wuri, da bambancin tsayi na ƙafa 5 ko 10 kacal tsakanin layi da layi a irin wuraren nan. Wannan 'yar tazarar ce ke nuna inda ruwa ke kwanciya da inda yake zaizayar gona, kuma manomi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne baƙaƙen ɗige-ɗigen. Kowane ɗigo gida ne, mai 'yar tuta makaranta ce, mai gicciye coci. Ka ɗora tsohuwar taswira kusa da sabuwa, sai ka ga makarantun aji ɗaya sun ɓace, gidaje sun ragu, maƙabarta kaɗai ta tsaya a wurinta. Ka kuma bi layin dogo da ido. Garin Nicodemus, wanda baƙaƙen fata suka kafa a 1877, jirgin ƙasa ya kauce masa a 1888, 'yan kasuwa suka kwashe zuwa Bogue da ke bakin layin.

Taswirorin suna shafin intanet na USGS mai suna topoView, kyauta. Ka fara duba shekarar awo a gefen takardar, domin sau da yawa ta girmi shekarar bugu nesa ba kusa ba.