Dalilin da dillali a Kalifoniya ya ƙi sayar maka da bindigar da ka gani a Nebada

Malam, ka ce ka ga wata ƙaramar bindiga a kanti a jihar Nebada ta Amurka, amma dillalin garinku a Kalifoniya ya ce ba zai iya kawo maka ita ba. Gaskiya ya faɗa maka.

A Amurka lasisin dillali daga gwamnatin tarayya yake fitowa, amma kowace jiha tana da ikon ƙara nata sharuɗɗan. Tun shekarar 2001 Kalifoniya take da jerin ƙananan bindigogin da aka yarda a sayar, kuma kafin samfuri ya shiga jerin sai an gwada harbinsa, sannan a sake shi ya faɗi ƙasa don a tabbatar ba zai tashi da kansa ba. Idan kamfani ya daina sabunta rajistar samfurin, sai a cire shi, ko da bindigar lafiyarta ƙalau. Jihohin Merilan da Masacusets ma suna da irin wannan jeri, Nebada kuwa ba ta da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa mutum zai tsallaka iyaka ya sayo. Dokar tarayya ta wajabta a aiko da bindigar ga dillalin jiharka, shi kuma jerin ya ɗaure masa hannu. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne sa wani ya saya maka da sunansa, domin laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.

Ka duba jerin a shafin Ma'aikatar Shari'a ta Kalifoniya da cikakkiyar lambar samfurin. Idan kuma da biza kake zaune, ka ga lauya tukuna, domin sharuɗɗan baƙi daban ne.