Dariyar da gishiri ya yi wa man kaɗe

Wata malama mai koyar da ilimin sinadarai a wata sakandare a Bukuru ta aiko da tambaya. Ta ce ɗalibanta suna rikicewa da kalmar "narkewa", domin da ita suke faɗin abin da ke samun gishiri a ruwa, da ita kuma suke faɗin abin da ke samun kitse a kan wuta. Tana so ta san ko Hausa ta raba su, da kuma ko akwai karin maganar da za ta shiga da ita aji.

Malama, ɗalibanki ba su yi kuskuren Hausa ba. "Narke" kalma ɗaya ce mai ɗaukar kaya biyu, kuma Bahaushe ba ya ruɗewa da ita domin abin da ke biye da ita shi ke fayyace ta: ya narke a rana, ya narke a ruwa. A aji sai ki riƙa faɗin "narkewar zafi" da "narkewar ruwa", kada ki bar kalmar ita kaɗai.

Karin maganar kuwa tana nan tun kaka da kakanni: gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Ana yin ta ga mai yi wa ɗan'uwansa dariya a ranar wahalarsa, ya manta shi ma da tasa ranar. Man kaɗe shi ne man kaɗanya. Abin da ya sa nake son wannan magana shi ne wanda ya fara yin ta ya lura da kyau, ya ajiye narkewar biyu gefe da gefe, kowacce da mai jin kunyarta.

Me ya sa rana ba ta iya wa gishiri? Gishiri haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin. Ƙwayar zarrar sodiyam tana da ilektiron 11, wato 'yan ƙwayoyi masu caji da ke kewaye da ita, jere hawa uku daga ciki zuwa waje: 2, 8, 1. Ta kulorin tana da 17, jere 2, 8, 7. Sodiyam ta ba da ɗayan nan na waje, kulorin ta karɓa, sai kowacce ta sami caji kishiyar na 'yar'uwarta, suka kama juna. Ni "ɗaurin bayarwa da karɓa" nake kiransa. Kuma ba biyu-biyu suke zama ba: kowace sodiyam tana kewaye da kulorin 6, kowace kulorin da sodiyam 6, haka har ƙarshen ƙwayar gishirin, kamar ginin da ba a bar masa kafa ba. Sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salsiyas kafin ginin ya rushe.

Man kaɗe kuwa ƙulli-ƙulli ne, wato ƙwayoyin zarra da suka haɗu rukuni-rukuni, kowane ƙulli da dogayen sarƙoƙin kabon, yawancinsu masu ƙwaya 18. A cikin ƙullin ƙwayoyin zarra suna tarayya ne a kan ilektiron, wato "ɗaurin tarayya", kuma ɗauri ne mai ƙarfi. Raunin yana tsakanin ƙulli da ƙulli. Shi ya sa ɗumin jikin mutum, wajen digiri 37, ya isa ya sassauta shi, kuma a sanyin hunturun Jos za ki same shi ya daskare a kwalba sai an kankare da cokali. Nan ne yara suka fi faɗuwa a jarrabawa, Malama: sai su rubuta wai ɗaurin tarayya ne ya tsinke da man ya narke. Bai tsinke ba. Ƙulle-ƙullen ne suka saki juna, kowanne yana nan yadda yake.

Ran da ruwa ya zo sai labari ya juya. Ƙullin ruwa yana da ɗan caji a ɓangarorinsa biyu. Ɓangaren oksijin ya rungumi sodiyam, na haidurojin ya rungumi kulorin, su yi ta zare su ɗaya bayan ɗaya daga jikin ginin. Giram 100 na ruwa yana ɗaukar gishiri kimanin giram 36, wato wajen ƙaramin cokali shida, daga nan duk abin da aka ƙara sai ya kwanta a ƙasa. Sarƙoƙin man kaɗe ba su da cajin da ruwa zai kama, don haka sai ya taso sama abinsa.

Ki nuna musu da ido. Ki nemi batiri mai bolt 9, da ƙaramin ƙwan LED, da rizisto (mai rage ƙarfin wuta) mai om 470, da fensir biyu da aka feƙe kai da gindi, ki haɗa su a jere da waya, bakunan fensiran biyu su zama su ne za a tsoma. A busasshen gishiri ƙwan ba zai kama ba, domin masu cajin suna ɗaure. A ruwan gishiri zai kama. A ruwan sukari ba zai kama ba ko da yake sukarin ya narke, domin ƙulle-ƙullensa ba su ɗauke da caji, kuma wannan kofin ya fi sauran koyarwa. Abin da kan ɓata gwajin shi ne ruwan rijiya ko na famfo, domin da ma akwai narkakkun ma'adinai a cikinsa, sai ƙwan ya ɗan yi haske a inda bai kamata ba. Ki yi da tataccen ruwa, ki ɗauraye fensiran bayan kowane kofi. In ƙwan ya ƙi kamawa ko'ina, ki juya ƙafafunsa. Kada a bar fensiran su daɗe a ruwan gishiri, domin iskar kulorin na fita kaɗan-kaɗan, kuma kada wani ya kusanci wutar soket da wannan aiki.

Wani mai gyaran waya a kasuwar Terminus ta Jos kuma ya tambayi bambancin kuza da dalma. A bakin mutanen Filato kuza ita ce baƙar tsakuwar da ake wankowa a ramuka, ana kuma kiran farin ƙarfen da ake fitarwa daga cikinta da sunan. Yana narkewa a digiri 232. Dalma ƙarfe ne mai nauyi da taushi, tana narkewa a 327. Wadda kake liƙa waya da ita, Malam, gauraye ce: kashi 60 kuza, 40 dalma, kuma tana fara narkewa a 183, ƙasa da kowannensu.