Ta ina zan faro wa ɗalibaina darasin wariyar launin fata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Zariya. Yarana mayun ƙwallo ne, kuma tun da suka ga bidiyon yadda aka riƙa yi wa Vinicius Junior kukan biri a filin wasan Valencia a 2023 suke tambayata abin da ke kawo haka. Na ce musu jahilci ne da ƙiyayya, amma ni kaina amsar ba ta kwanta mini ba. Me zan karanta, kuma me zan nuna musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Amsarka ba ƙarya ba ce, ta dai yi gajarta ne. Idan yaro ya tashi da tunanin cewa wariya mugun hali ne kawai na wasu 'yan kallo, zai ɗauka da an kama su an ɗaure magana ta ƙare. An kuwa yanke wa ukun da aka kama a kan wancan lamari hukuncin ɗaurin wata takwas-takwas a 2024. Abin da ya kamata yara su gane shi ne akwai inda gwamnati ta zauna ta rubuta wariyar a matsayin doka, ta ɗauki ma'aikata, ta buga fom, ta ware kuɗi. Saboda haka shawarata ita ce ka ɗauki ƙasa ɗaya ka bi ta daki-daki, kuma babu wadda ta fi Afirka ta Kudu sauƙin koyarwa, domin su komai nasu a rubuce yake.

Faro da dokar rajistar jama'a ta 1950, wadda ta tilasta a rubuta kowane mutum a matsayin fari, ko baƙi, ko ruwa biyu, daga baya aka ƙara rukunin Indiyawa. Idan jami'i ya rasa inda zai jefa mutum, wani lokaci sai a soka masa fensir a gashi a ce ya girgiza kai. Fensir ya faɗi, gashin ya yi santsi ke nan. Ya maƙale, an raba shi da Turawa. A kan wannan wasan yara ake yanke unguwar da mutum zai zauna, da makarantar da zai shiga, da wadda zai aura. Ka shiga aji da fensir a hannu ka ba su wannan labari, za ka ga yadda ajin zai yi tsit. Daga nan sai ka koma baya zuwa dokar filaye ta 1913, wadda ta keɓe wa baƙaƙe, masu rinjaye, kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, a 1936 aka ɗaga zuwa wajen kashi 13. A nan ne yaro zai fahimci cewa ƙasa da arhar ƙwadago ake nema, launin fata hanya ce kawai.

Abin da zai fi taɓa su, a ganina, shi ne labarin sa'o'insu. Ranar 16 ga Yuni 1976 ɗaliban Soweto, wata unguwar baƙaƙe a gefen Johannesburg, suka fito zanga-zanga saboda an tilasta a koyar da su lissafi da wasu darussa da harshen Afrikaans na Turawan da ke mulkin wariyar, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hoton da Sam Nzima ya ɗauka na Hector Pieterson, ɗan shekara 12, wani matashi ya sungume shi yana gudu, yayarsa tana gefe tana kuka, yana nan birjik a intanet. Buga shi a takarda ka liƙa a allo. Yawancinsu sun san ana bikin Ranar Yaran Afirka a 16 ga Yuni, amma da wuya su san daga inda ta samo asali. Haka ma 21 ga Maris, ranar yaƙi da wariya ta Majalisar Ɗinkin Duniya: tunawa ce da mutum 69 da aka harbe a Sharpeville a 1960 lokacin da suka fito ƙin takardar fas da ake tilasta wa baƙar fata yawo da ita.

Don karatunka kai kanka, nemi Tarihin Afirka na UNESCO, aikin da aka faro a 1964 don ƙaryata masu cewa Afirka ba ta da tarihi. Juzu'i takwas na farko suna nan kyauta a shafin hukumar, kuma an fassara taƙaitaccensa zuwa Hausa, ka tambaya a ɗakin karatun jami'ar da ke garinku. Shaidun da Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Afirka ta Kudu, wadda Desmond Tutu ya jagoranta bayan ƙarewar mulkin wariya, ta saurara daga 1996 su ma an ɗora su a intanet, sai dai ka tace kafin ka karanta wa yara, wasu ba sa jiyuwa. Gidan tarihin wariya na Johannesburg yana da wata dabara: tikitinka ne zai ce kai fari ne ko ba fari ba, ka shiga ta ƙofar da aka rubuta maka. Ka ba su labarin, amma kada ka kwaikwaya. Wata malama a Amurka, Jane Elliott, ta raba ajinta bisa launin ido a 1968, har yau ana ja-in-ja a kan abin da hakan ya yi wa yaran. A ajinmu da ake da farare da wankan tarwaɗa da baƙaƙe, sunan da ka laƙaba wa yaro na awa ɗaya zai bi shi har ya gama makaranta.

Kada ka manta da namu hannun a ciki. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da mulkin wariya, Janar Joseph Garba ma ya riƙe kujerar, kuma a Legas aka yi babban taron duniya a kan batun a 1977.

Sai kuma inda darasin ke da nauyi. Yarjejeniyar duniya ta 1965 a kan kawar da wariya ba launi kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da asali da zuriya. Wani cikin yaran, in yana da kaifin basira, zai tambaye ka batun gidajen da ake fasa aure saboda an ce kakan wane bawa ne, ko dalilin da ya sa man bilicin ke ciniki a kasuwa. Kada ka kauce. Huɗubar ban kwana da ayar Suratul Hujurat duk sun haddace su tun a Islamiyya, kai dai ka ba su minti goma su rubuta, ba tare da sa suna ba, kalmar da suka taɓa ji an jefi wani da ita a unguwarsu saboda launinsa ko asalinsa. Tattara takardun ka tafi da su gida, da su za ka buɗe darasi na biyu.